Sauti a kan janareta: nazarin matsalar wani mai hayar lasifika a Katsina

## Mutumin da kayansa

Mutumin magidanci ne a cikin garin Katsina, shagonsa yana wajen Ƙofar Ƙaura. Abin da yake ci da shi hayar kayan sauti: wa'azi, tafsiri, saukar karatu, walima, kamu, sai taron siyasa in kakarsa ta zo. Yana da yara biyu masu ɗaukar kaya da haɗa wayoyi, shi kuma ya zauna gaban miksa. Ya yarda a rubuta abin da ya same shi muddin ba a kama suna ba.

In babban taro ne yana fita da amfilifaya biyu, irin masu nauyin nan da ke da taransifoma a ciki, waɗanda sai mutum biyu sun kama akwatinsu. Kowace tana da ɓangare biyu, an rubuta wa kowane ɓangare wat 600 idan lasifikar da ke kansa om 4 ce (om shi ne ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta). Ɗaya tana tura akwatunan bes guda biyu masu inci 18. Ɗayar tana tura akwatuna huɗu masu inci 15 da tiwita, ƙaramar lasifikar da ke fitar da kaifin murya, a samansu, kowane om 8, biyu-biyu a ɓangare, wato om 4 ke nan. Akwai ƙaramar amfilifaya ta uku ta hon huɗu da ake ɗaurawa a kan gora idan wa'azi ne. Sai miksa mai layi 12, makirufo masu waya da biyu marasa waya, fitilu, da fanka biyu na tsaye.

Har tsakiyar 2023 duk wannan yana kan janareta mai fetur da aka rubuta wa kVA 6.5, wato lambar ƙarfin janareta, a jikin tanki, ɗan farantin da ke gefensa kuma ya nuna kilowat 5 ne abin da zai iya riƙewa na dogon lokaci. Injin ya kwana biyu, yana shan mai, yana hayaƙi, amma bai taɓa ƙona masa ko fis ba. Wutar gari ba ya sa ta a lissafi, don ko akwai ta ba zai yarda a ɗauke ana tsakiyar addu'a ba. Yana ajiye injin nesa da jama'a saboda ƙara, ya jawo wuta da waya mai tsawon mita 50.

## Yuni zuwa Agusta 2023: sabon inji, sabuwar waya

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da take ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a Yuli kuma ta kai 617 a Abuja. Masu taro ba sa son jin an ƙara kuɗin haya, tankin babban inji kuwa ba ya jin roƙo. Sai ya jingine shi a bayan shago ya sayi ƙarami, wanda aka rubuta wa kVA 3.5 da manyan baƙaƙe.

Lissafin da ya yi a bakin shagon mai sayarwa mai sauƙi ne. Amfilifaya biyu, kowace wat 1,200, ya kama 2,400. Inji 3,500. Har da ragowa ta fitilu da fanka. Mai shago ya ce ƙwarai kuwa.

A makon Babbar Sallah, wadda ta faɗo 28 ga Yuni, aka sace masa tsohuwar wayar a wani taro, aka bar masa guntun da ke jikin soket. Ya shiga kasuwa ya sayi wata mita 50, an buga 1.5mm² a jikin robarta, ta fi tsohuwar sauƙin naɗewa da sauƙin ɗauka. Canji biyu ke nan a wata guda. Na injin kowa ya sani. Na wayar shi kansa ya manta da shi.

A wurin wa'azi komai lafiya. A wurin biki ne abin ya fara nuna kansa. Da an saki kiɗa mai bes, fitilu su riƙa ƙiftawa daidai da bugun ganga, muryar injin daga nesa tana sama tana ƙasa. Jar fitilar gargaɗi da ke gaban amfilifaya, wadda da sai an ƙure murya take kamawa, yanzu tun ana rabi take haskawa. Wani lokaci a ji ƙas, sauti ya ɗauke, bayan daƙiƙa uku ko huɗu ya dawo da kansa. Yaran suka ce ai sabon inji ne, sai ya saba.

## Satumba 2023: daren Maulidi

A makon Maulidi, wanda hutunsa ya kama 27 ga Satumba, aka ɗauke shi taron dare a wata unguwa. Masu bege da mandiri ne, makirufo a bakin kowane mandiri, sa'o'i ana abu ɗaya. Wajen ƙarfe ɗaya na dare injin ya fara shaƙewa, ya ɗaga murya, ya sauke, ya sake ɗagawa. Mai ne ya ƙare. Kafin yaro ya ruga ya kashe, amfilifayar akwatunan sama ta yi wari ta mutu.

Mai gyara ya buɗe ta ya tarar fis ya tafi, gadar diyod, wadda ke miƙar da wutar da ke shiga, ta ƙone, taranzisto biyu na ɓangaren hagu sun haɗe. Ya canza, ya gwada ta a shagonsa da wutar gari, ta yi ta bugawa tun la'asar har magariba ba ta ko ɗumama sosai ba. Ya ce ta dai fara gajiya, a riƙa lallaɓa ta. Mako biyu bayan nan aka kai ta biki a kan ƙaramin injin, ta koma ɗaukewarta.

## Oktoba zuwa Disamba 2023: magunguna uku

Na farko sitabilaiza. Abokan sana'a suka ce wutar injin ce ba ta cika, ya sayi mai VA 5,000, irin mai ƙas-ƙas ɗin nan, ya sa ta a gaban amfilifayoyin. Lambar da ke fuskarta ta riƙa nuna 220 zuwa 230, hankalinsa ya kwanta. Amma ƙas-ƙas ɗinta ba ya tsayawa in ana kiɗa, injin ya ƙara wahala, taransifomar amfilifayar bes ta fara wani gurnani da ba a san ta da shi ba, murfinta yana zafin da ba a iya ɗora hannu.

Na biyu bakanike. Ya saurari injin, ya ce gudunsa ne ya yi ƙasa, ya ɗauko sukundireba ya matse sukurun gwamnan inji, wato abin da ke riƙe gudunsa, har muryar injin ta yi kaifi. Ya sa ma'auni a soket ba kaya a kai, ya nuna 255. Ya ce ga wuta nan har ta yi yawa, in kaya suka hau za ta daidaita. Ɗaukewar ta ɗan ragu, wannan gaskiya ne.

Na uku aron UPS ta kwamfuta, akwatin nan mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, don miksa da makirufo. Ita ba ta ko karɓi wutar injin ba. Ta yi ta kuka tana komawa kan batir har ya ƙare, aka cire ta aka mayar wa mai ita.

A Disamba, a wani kamu, aka ji kiran sallar la'asar ana tsakiyar kiɗa. Ya ja babbar murya ƙasa gaba ɗaya, kamar yadda kowane mai sauti a garin nan zai yi. Fitilu suka yi wani fau, injin ya yi kuwwa, miksa ta mutu nan take. Allon wutarta ne ya ƙone.

## Janairu 2024: Daura

An kira shi walimar aure a Daura, kusan kilomita 80 daga Katsina, cikin hunturu, hazo ya rufe gari. Filin yana da faɗi, uban ango kuma yana son a ji har bakin titi. Sai ya aro akwatuna biyu ya ƙara a kan huɗun. Akwati uku masu om 8 a ɓangare ɗaya suna saukowa om 2.7, ƙasa da abin da aka ƙera amfilifayar ta ɗauka. Bayan an fara, wani daga cikin gida ya jawo waya ya jona firizar lemo a soket ɗin injin ba tare da ya tambayi kowa ba. Duk lokacin da injin firizar ya tashi, sauti ya durƙushe.

Da ya ji murya ba ta kai, ya ƙara. Jar fitila ta tsaya cak ba ta ƙiftawa. Kafin isha'i muryar mai sanarwa ta koma kamar daga cikin randa, ba kaifi ko kaɗan. Uban ango ya zo da kansa.

"Malam, mi ke faruwa ne? Mutane sun ce ba su jin komi sai ƙugi."

"Ranka shi daɗe, a yi haƙuri, kayan ne suka ba ni matsala."

Tiwita huɗu cikin shida suka ƙone, biyu daga ciki na aro. Ya mayar da rabin kuɗin haya, ya biya mai akwatuna. A hanyar dawowa ya yanke shawarar sayar da amfilifayoyin duka biyu, har ya fara tambayar farashin wasu a Kano.

## Fabrairu 2024: ranar awo

Nan ne na shigo maganar. Aikina wayarin da gyaran kayan lantarki, ya zo in duba amfilifayoyin kafin ya sa musu kuɗi. Na ce kada ya kawo su shago. A haɗa komai a fili yadda ake haɗawa a taro, da injin, da wayar, da sitabilaizar. Muka yi haka a wani kango da hantsi. Na zo da ma'auni mai lamba wanda ke nuna bolt, wato ƙarfin wuta, da hatz, wato yawan juyinta a daƙiƙa, da ma'aunin amfiya, wato yawan wutar da ke bi, mai baki da ake maƙala wa waya, da tsohon ma'auni mai allura, da ƙwan fitila mai zare na wat 60, da butar lantarki mai wat 2,000.

Muka fara da farantin injin. A ƙasan 3.5 ɗin da ke jikin tanki, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta kilowat 2.5. Wannan ne ƙarfinsa na aiki. A bolt 230 bai wuce amfiya 11 ba. Na buɗe murfin baya, babu AVR, wato ɗan allon da ke riƙe ƙarfin wuta a wuri ɗaya. Kondensa ce kawai, ɗan abin da ke tara wuta ya sake ta. A irin wannan inji wuta tana bin gudu ne: ya yi sauri ta hau, ya rage ta sauka. Ba kaya a kai ya ba da bolt 254 da hatz 55. Wutar Najeriya bolt 230 ce da hatz 50, kuma ƙaramin injin fetur yana ba da hatz 50 ne idan yana juyi 3,000 a minti. Nasa yana 3,300. Na sassauta sukurun har ya dawo hatz 52, bolt 233, wanda shi ne inda ake barin irinsu don su sauko wajen 50 idan kaya sun hau.

Sai waya. Muka cika buta da ruwa muka jona ta a can ƙarshen mita 50. A bakin inji bolt 221. A bakin buta 205. Ma'auni mai baki ya nuna kusan amfiya 8. Bolt 16 sun ɓace a hanya, wato wayar tana da turjiyar om 2. Tagulla ta gaskiya mai kaurin 1.5mm², zuwa da dawowa mita 100, ba ta wuce om 1.2 ba. Na fere bakin wayar na kankare silin da wuƙa. Jan ya tafi, fari ya fito. Alminiyom ne aka shafa wa ruwan tagulla. Ya karɓa ya juya ta a hannu ya daɗe yana kallo.

"Injiniya, wannan fa a matsayin tagulla na biya ta."

Muka taɓa robar bayan minti goma da buta a kai, ta yi ɗumi tun daga farko har ƙarshe.

Daga nan muka cire buta, muka jona kayan sauti ba sitabilaiza, na sa ƙwan fitila da ma'auni mai allura a soket ɗin da amfilifaya ke sha. Ma'auni mai lamba ba ya da amfani a nan, don kafin ya gama tunani bugun ya wuce. Yana ta nuna 210, 208, 212, kamar ba abin da ke faruwa. Allura kuwa da kowane bugun bes sai ta faɗo wajen 180 ta koma. Ƙwan yana yin ja yana dawowa. Hatz yana sauka 46. Amfiya tana yawo tsakanin 8 da 10, tana tsalle ta wuce 15.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne wannan. Wat 600 da aka rubuta wa amfilifaya abin da take bai wa lasifika ne, ba abin da take sha ba. Irin wannan tsohuwar ƙira, ko a ƙure take, kusan kashi 60 cikin 100 na abin da ta sha ne ke zama sauti, sauran zafi ne, a ƙaramar murya ma asarar ta fi haka. Sannan ba ta shan wuta a jere kamar buta ko dutsen guga. Tana tara ta ne a manyan kondensa, su kuma ba sa cika sai a ƙololuwar kowane juyi na wutar, sau 100 a daƙiƙa, kurɓi gajere mai ƙarfi. Shi ya sa amfiyar da ke bi ta waya ta fi abin da lissafin wat zai nuna. A kan wannan kuma ga kiɗan kansa, wanda ba ya tafiya daidai: yanzu shiru, yanzu ganga. Gwamnan inji sifirin ne da ƙarfe, sai gudu ya ragu yake ji, sannan ya buɗe mai, kafin ƙarfin ya iso bugun ya wuce, sai gudun ya zarce. Ɗan garuwa zai tura kura cike da jarkoki har unguwa in nauyin bai canza ba, amma a sa yara su riƙa ɗarewa suna dirowa a gani ko zai yi taku goma a miƙe.

Ƙarfin da amfilifaya mai taransifoma ke iya bayarwa yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi, don lissafinsa bolt sau bolt ne. Daga 230 zuwa 180, abin da ya rage kusan kashi 61 cikin 100 ne. Wat 600 ta koma wajen 370. Mai miksa ya ji murya ta yi ƙasa, ya ƙara, amfilifaya ta kai maƙura ta fara yanke kan sautin. Yankakken sauti yana cike da ƙara mai kaifi, kuma ba ya barin kwayil, naɗin wayar da ke cikin lasifika, ya huta. Akwatin bes yana iya jurewa na wani lokaci. Tiwita, da silin wayarta kamar gashi, ba ta iyawa. Ɗaukewar nan ta daƙiƙa uku kuwa kariyar amfilifayar ce ke sakin lasifika idan wuta ta yi ƙasa da yawa.

Muka mayar da sitabilaiza don ya gani da idonsa. Ita ba ta ƙirƙirar wuta. In ta ɗaga bolt, amfiya take ƙara ja daga inji, injin da dama ya gaza, ta cikin wayar da dama tana ci. Allurar da ke gefen inji ta ƙara faɗuwa. Kuma tana makara: bugu ya zo ta ɗaga, bugu ya wuce tana nan a ɗage, sai wuta ta haura 250 kafin ta sauko. Gurnanin taransifoma ma daga nan yake. Taransifomar da aka naɗa don hatz 50, in aka ba ta cikakken bolt 230 a hatz 46, ƙarfenta yana ƙoshi ya fara jan wutar banza yana zafi. Da ya haɗa wannan da injin da aka matse wa gwamna, ya tuna ranar kamu, bai jira na faɗa masa abin da ya kashe miksa ba: nauyi ya sauka farat ɗaya, wuta ta zabura.

## Ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris: abin da aka canza

Amfilifaya ba a sayar ba. An fito da babban inji daga bayan shago, aka wanke kafireto, aka canza fulogi da baƙin mai, aka wanke soson iska wanda ƙurar hunturu ta toshe. Shi yana da AVR. Aka daidaita shi a hatz 52 ba kaya.

Aka sayi waya mai 4mm², aka kankare bakinta a gaban mai shago kafin a biya. An rage tsawon zuwa mita 30, wanda turjiyarsa ba ta kai om 0.3 ba, don haka ko amfiya 17 ta bi, abin da zai ɓace bai wuce bolt 5 ba. Maganin ƙara kuma aka nemo shi ta wata hanya: a sa injin bayan katanga ko bayan mota, bakin salansa yana kallon nesa da jama'a. Ya kawo shawarar a riƙa sa shi a zaure a rufe ƙofa. Na ce ko da wasa. Hayaƙin fetur yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana zaune.

Sitabilaiza ta koma gida kan firij, inda take da amfani. Aka samo fitilar halojin mai wat 500, ita ake fara kunnawa kuma ba a kashe ta sai an tashi, ko da rana ne. Yaran sun yi ta dariyar wannan, wai ana ƙona mai a haska rana. Aikinta ta riƙe injin da ɗan nauyi na dindindin, yadda in an yanke kiɗa farat ɗaya ba zai sami kansa wayam ya zabura ba. Fanka da sauran fitilu suna da wayarsu daban tun daga bakin inji. Soket ɗin da ya rage an liƙe shi da salatif, kuma yaro ɗaya aikinsa ke nan, ya tsare inji daga masu firiza da masu cajin waya.

A gefen sauti, akwati biyu a ɓangare, ba ƙari ko wa ya roƙa. Ya sayi kurosoba ta hannu, na'urar da ke raba bes da sauran sauti, mai limita a ciki, wadda ke hana murya wuce iyaka. Aka yanke duk sautin da ke ƙasa da hatz 40, can ƙasan bes, wanda akwatunansa ba sa iya fitarwa amma suna shan wuta a kansa, aka raba bes da na sama a wajen hatz 100, aka sa limita ta kama kafin jar fitila. A layin kowane makirufo aka danna maɓallin rage bes da ke jikin miksa.

Sai tsarin kunnawa, wanda aka rubuta da alli a murfin akwati. Inji ya tashi ba komai a kai, ya yi minti biyu ko uku. Halojin. Miksa da kurosoba. Amfilifaya ɗaya, murya a ƙasa, a ƙirga biyar, sannan ta biyu, saboda babbar taransifoma tana fizgar wuta mai yawa a lokacin da aka kunna ta. Wajen kashewa a fara da amfilifaya, inji ne ƙarshe. Ana cika tanki kafin a fara. In taro ya yi tsawo ana neman tazara, a kashe amfilifaya, a kashe inji ya huce, sannan a zuba mai.

Da muka sake awo da kiɗan da muka yi na farko, kuma a murya ɗaya, allura ta tsaya tsakanin 216 da 228. Hatz bai sauka ƙasa da 49 ba. Ƙwan yana ɗan motsi, sai an zuba masa ido ake gani.

Akwai ƙaramin abu da ya fito a ranar. Makirufo mai waya yana ɗan jan leɓe, kuma akwai zuu a lasifika. An karye ƙafar ƙasa ta filogi biyu don su shiga soket mai rami biyu, jikin injin kuma ba a haɗa shi da ƙasa ba. Aka canza filogin, aka samo sandar tagulla da ake kafawa kusa da inji a ɗaure ta da jikinsa. Ƙasar Katsina a rani busasshiya ce, rairayi, sai an zuba wa gindin sandar ruwa. Wayar makirufo kuma aka raba ta da wayar wuta, zuu ɗin ya tafi.

## Maris zuwa Mayu 2024: azumi da bayansa

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. Yana da tafsiri kullum bayan la'asar a ƙofar wani masallaci. Tafsiri ba ya buƙatar bes, don haka akwatunan inci 18 da amfilifayarsu suka zauna a shago. Amfilifaya ɗaya, ta hon, miksa, fanka biyu da fitilu ba su kai amfiya 5 ba, ƙasa da rabin ƙarfin ƙaramin inji. Shi aka yi amfani da shi, da sabuwar waya, har aka rufe tafsiri ba a ji ƙas ko sau ɗaya ba.

Sallah ta kama 10 ga Afrilu, bukukuwa suka biyo baya, babban inji ya karɓi aiki. Da ya gwada shan man injinan biyu a taron kiɗa, bambancin bai wuce lita ɗaya a awa ba. Daga nan farashinsa ya zama biyu, na magana da na kiɗa, yana gaya wa mai taro dalili tun wajen ciniki.

Sau ɗaya aka samu tangarɗa, a ƙarshen Afrilu da rana tsaka, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40. Amfilifayar bes ta ɗauke. Wannan karon allura tana 222, ba ruwan wuta. Rana ce ke dukan akwatin, ragar fankarta kuma ta cushe da ƙura. Aka hure, aka matsar da ita inuwa, ta dawo. Daga Maris zuwa ƙarshen Mayu bai canza tiwita ko fis ba.

## Hukunci

Amfilifayoyin ba su da laifi tun farko, shi ya sa duk gwajin da aka yi musu a shago suka ci. Ƙaramin injin ma ba lalatacce ba ne, aikin da ya fi ƙarfinsa aka ba shi. Tushen abin lissafin bakin shago ne, inda aka ɗauki lambar da amfilifaya ke bayarwa a matsayin abin da take sha, aka ɗauki lambar jikin tanki a matsayin ƙarfin inji. A ganina, mai irin waɗannan amfilifayoyi masu taransifoma ya auna amfiyar da kayansa ke ja ana tsakiyar kiɗa, ya nemi injin da farantinsa ya ninka wannan sau biyu, kuma mai AVR.

Wayar ce ta mayar da matsala mai sauƙi ta zama mai ƙona kaya. Da tsohuwar tana nan, ƙaramin injin zai wahala, amma bolt 20 zuwa 30 da ke ɓacewa a hanya lokacin bugu da sun isa wurin amfilifaya. Ita ce kuma ta fi komai arha a cikin kayan, ita ce ba wanda ya kalla har wata takwas.

Sitabilaiza da matse gwamna sun fi rashin yin komai muni. Dukansu sun gyara lambar da ido ke gani ne, ɗaya a fuskarta, ɗaya a soket ba kaya. Ban ga laifin bakaniken sosai ba, don inji aka kai masa shi kaɗai, kamar yadda aka kai wa mai gyara amfilifaya ita kaɗai. Ba wanda aka nuna wa kayan a haɗe suna aiki, alhali a haɗen ne kawai ciwon yake fitowa.

Da kuɗi sun samu, sababbin amfilifaya marasa nauyi da ake kira kilas D za su rage masa shan wuta sosai, musamman masu gyara yadda suke jan wutar, kuma janareta mai inbata yana riƙe bolt da hatz fiye da waɗannan. Amma bai buƙace su ba kafin sautinsa ya gyaru. Abin da nake ganin ya fi su gaggawa shi ne bireka mai yanke wuta idan ta zuba a jikin mutum, mai miliamfiya 30, tare da mai wayarin ya haɗa nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, da jikin inji yadda za ta yi aiki, don sandar ƙasa ita kaɗai ba ta isa kariya ba, ga shi a lokacin damina tana zuwa, yara suna taka wayoyi ba takalmi. Na gaya masa a Fabrairu, na maimaita a Mayu. Ya ce sai ya ga abin da bukukuwan Babbar Sallah suka kawo.